Awon Bango a Busan

Bangon kicin ɗin taƙi goma sha ɗaya ne,
in da tef ka auna, mita biyu da ashirin.
Tun a bakin ƙofa na gaya wa Gwak Mal-sun haka.
Ta ce, "Naɗe tef ɗinka, Pyo. Bari in ɗauko darona."

Hawa na goma sha huɗu muke.
Ta taga jiragen ruwa na jiran layi
kamar shanu a bakin mashaya,
gidan kuwa bai gama warin fenti ba.

Daron ja ne, na roba, baki ya tsage an ɗinke da waya.
Shekara talatin yana jiƙa kabeji a ruwan gishiri
duk sa'ad da sanyi ya leƙo.
Ta dire shi a gabana.
"Sinkin da ba zai haɗiye wannan ba,
kai wa masu ɗauraye kofin shayi."

Na ɗora katako kan kujeru biyu, na ja alli.
Casa'in na sinki. Sittin na murhu.
Abin da ya rage a tsakani, saba'in,
nan za a yi fira da yanka da kwaɓi,
nan kwano zai jira tukunya ta tafasa.
Na ce, "Uwa, bango ba ya miƙewa don an so.
Duk yatsan da kika ba ruwa, daga wuƙa kika ƙwato shi.
Kuma rami in ya cika zurfi, baya ke biyan bashi."
Ta ce bayanta ya biya basussukan da suka fi wannan.

Na yi shiru. Na saba.
Na taɓa sa wa wani mai kuɗi sinki kamar kwale-kwale,
bai taɓa wanke ko tumatir ɗaya a ciki ba.

Sai ga Da-som daga makaranta,
jika, 'yar shekara tara, jaka na rinjayar kafaɗa.
Ba ta tambayi kowa ba, ta hau benci,
ta tsaya dama da kakarta a gaban allin,
ta ja albasa, ta ɗauki wuƙa
da hagu.

Gwiwar hannu ta gamu da gwiwar hannu.
Suka gyara. Suka sake karo.
Albasar ta gangara, ta bi ƙarƙashin firij,
yarinyar ta yi dariya, tsohuwar ba ta yi ba.

Ta daɗe tana duban katakon.
Sannan ta lasa babban yatsa,
ta goge layin da na ja,
ta auna taƙi biyu daga cikin rabon ruwa,
ta ce, "Ja shi nan."

Na ce, "Daron fa?"
Ta ce, "Akwai famfo a baranda.
Kabeji sau ɗaya yake zuwa a shekara,
wannan kuwa kullum da la'asar."

Muka gwada abin da ya saura:
rariya ta zauna, da sarari a gefenta,
kifi mai tsawon kamu ya kwanta bai lanƙwasa ba,
tafin hannu ya taɓa ƙasa ba tare da an sunkuya ba.
Daidai ruwa, daidai gari.

A littafina na rubuta:
faɗi hamsin, zurfi ashirin,
fili ɗari da goma tsakanin famfo da wuta.
Akwai gurbin da kamfani ya bari don ƙarin bayani,
shekara da shekaru ina tsallake shi.
Yau na cike:
mutum biyu, ɗaya bahaguwa.

Da zan fita na ga daron a baranda,
an kife shi, yana fuskantar teku.
A ciki kuwa ana ta gardama
kan wa zai zura hannu ya ciro albasar.