Ofera a Gawon Nama

Asabar bakwai muna zuwa,
ni da Jabbi mai gyaran rediyo.
Ɗakin majigi, kujera sha biyu,
fanka ɗaya mai tari.

Kai tsaye daga ƙasar ƙanƙara
wata mace ta buɗe baki
da harshen da ko gaisuwarsa ban iya ba,
ta jawo murya kamar guga
daga rijiya gaba ashirin.

Rannan wuta ta ɗauke tana tsakiyar mutuwa.
Muka zauna cikin duhu da zufa.
Kafin janareta ya tashi
ita ma ta tashi, ana mata tafi.

An gama zangon.
Jiya na wuce ta shagon Jabbi,
yana narka dalma,
yana ƙarasa mata kukan da hanci.