Bakin Mai Shari'a

Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a hagunta
a kotun tarayya ta Las Cruces,
ina juya Turanci zuwa Sifaniyanci
kamar mai juya gurasa a kan wuta:
kada ta ƙone, kada ta fito ɗanya.

Eufemia Quintana, 'yar mai tsinkar barkono.
Ta fara da kare waɗanda ba su da ko sisin lauya,
jakarta ɗinke da zaren buhu,
kafin a ɗora mata baƙar riga
da ta yi mata yawa a kafaɗa.

Ran da kamfanin tagulla ya tare wa ƙauye ruwa,
lauyoyi tara suka zo da taswira.
Ta ce a ɗage zama.
Ta je bakin magudanar, ta tuɓe takalmi,
ta caka sanda cikin busasshen laka,
ta daɗe tana kallon inda sandan ya tsaya.
Shafi casa'in da huɗu ta rubuta.
Kotun sama ta yanke rabi ta yar,
amma ragowar rabin ya isa ya jiƙa gonakin wake.

Gidan yari kuwa, da suka rantse ba zafi,
cewa ta yi a kulle ta ciki tsakar watan Yuli.
Awa guda. Ta fito riga sharkaf,
ba ta ce wa kowa kanzil ba.
Sati uku, aka fasa bango aka sa tagogi.

Jarida ta buga waɗannan.
Ba ta buga Nazario ba,
ɗan shekara sha tara, direban motar albasa,
da abin da aka tusa masa ƙarƙashin albasar.
Doka ta ce goma, ba ragi.
Ta juya littafin gaba da baya kamar mai neman allura,
ba ƙofa, ba ko tsaga.
Ta karanta hukuncin da harshen da yaron ba ya ji,
sai ni na ce masa: goma.
Uwarsa ba ta dubi kujerar alƙali ba.
Ni ta duba.

Yanzu an rage mata shari'u, girma ya zo.
Sanda a hannu, na'urar ji a kunne,
ranar Juma'a tana rantsar da sababbin 'yan ƙasa,
tana kuskuren sunayensu, tana ba da haƙuri, tana sakewa.

Jiya muna jiran lif ta riƙe hannun rigata.
"Leandro, da wace murya ka faɗa masa?"
Ban tambayi wa take nufi ba.
Na ce, "Da taki, ranki ya daɗe. Ba ni da wata."

Lif ya zo, ya buɗe, ya gaji, ya rufe.
Muka bi matakala a hankali,
tana ƙirga su a ƙasan maƙoshi.