Guzurin Kwana Shida

Daren Asabar muka shimfiɗa tabarma a Birni,
gindin dutsen da ke riƙe zafin rana har bayan lisha.
Mu uku ne: ni, da Kiyari mai gyaran rediyo,
da Nomau, wanda bai taɓa kwana inda babu katanga ba.
Kwana shida a ƙasa, daga Gure zuwa duwatsun Kutus,
ba jaki, ba ɗan jagora, ba motar da ke jiranmu.
Abin da gadon baya ya ɗauka,
shi kaɗai ciki zai gani.

Na buɗe tsohon littafin lissafi, na ja layi.
Gumba tiya biyu, an daka ta da citta da kanumfari.
Garin rogo tiya guda da ƙuli-ƙuli dakakke,
shi ba ya roƙon wuta,
ruwa kaɗan ya ishe shi ya kumbura kamar mai fushi.
Kilishin jaka uku daga kasuwar Dole.
Nomau ya ce a ƙara.
Kiyari ya ce, kilishi abokin baki ne, maƙiyin gora,
kowane yanki sai ya karɓi ladansa da ruwa.
Muka rage.

Dabinon Bilma, busasshe, mai ƙara a haƙori,
bakwai-bakwai kowace safiya, na ƙirga har sau biyu.
Cuku shida, sirara kamar takardun da rana ta gama karantawa.
Shayi, sukari, ashana cikin kwalbar magani,
gishiri a ƙulli, kanwa kaɗan don rikicin ciki.
Gwangwanin sardin huɗu Nomau ya tura tsakiya
yana kallon wani wuri.

Ruwa ne ya ɗauke mana dariya.
Bido ɗaya ga kowa.
Sauran duk alkawarin rijiyoyi ne
da wani makiyayi ya zana mana da sanda ran Alhamis,
kafin akuya ta bi ta kan zanen.

Sai ga Inna Cima da fitila.
'Yar madugu ce, ta girma tana jin ƙarar buhunan tafiya.
Ta dubi tulin, ta dubi littafina.
Ta ce, na mutum nawa?
Na ce uku.
Ta ce, to lissafinka ya faɗi tun a zaure.
Daji ba ya karɓar mutum uku,
kullum akwai na huɗu yana jira a gindin aduwa:
ko yaro mai bin sawun raƙumin da ya ɓata,
ko kwana na bakwai da ba ka rubuta ba,
ko kai kanka ran kwana biyar,
lokacin da za ka ci kamar baƙon da ba ka sani ba.

Ta ɗaga sardin ta auna a tafin hannu.
Ta ce, rabinsa ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya ƙosarwa.
Ta tura uku gefe, ta bar ɗaya don kunyar Nomau.
Ta shiga ɗaki ta daɗe.
Ta fito da dakuwa ƙulle cikin tsohon ɗankwali,
ƙulli uku, irin wanda sai haƙori.
Ta ce, kada ku kwance don kwaɗayi.
Ku bari sai ranar da hira ta ƙare muku.

Na nemi layin da zan rubuta shi, babu.
Na sa a gefen shafi: rabon wanda ba mu sani ba.

Da asuba na saɓa jakar, ta ja ni baya kamar mai bina bashi.
Muka bi lungu zuwa tasha, karnuka na rakiya.
Nomau na baya, shiru,
sai wata ƙara da na sani a haƙorinsa.
Dabinon yau ya koma shida
tun ba mu bar Damagaram ba.
Na taɓa littafin a aljihu.
Na bar shi yadda yake.