Inci Uku

Ban san ni mai laifi ba ce
sai ranar Talata, a kan bencin lambun gari,
ina feraye tuffa da wuƙar Wilfred.
'Yar sandar ba ta girmi jikata ba.
Ta durƙusa ta ce, "Iya, wannan ta zarce inci uku,
kuma in an buɗe ta, kullewa take.
Mai da ita gida. Ni ban gani ba."

Shekara arba'in da ɗaya mijina ya yi
yana wasa bakin ƙarfe a Sheffield,
har garin dutse ya zauna masa a ƙirji ya ƙi tashi.
Abin da ya bar mini: kwat ɗaya, tarinsa a kunnena, da ita.
Yau an ce ta yi tsawo.

Na hau tudun shagon Mista Ollerenshaw,
yayyafi na biye da ni kamar mai bin bashi.
Ya shimfiɗa koren ƙyalle, ya jera guda uku,
ya ajiye rula a gefe
kamar mai shirin rabon gado.

Ta farko ja ce, ciki fal da 'ya'ya:
almakashi, zarto, mabuɗin kwalba, har tsinken sakace.
Na ce ban zo ɗaukar ma'aikata ba.
Ta biyu ƙotar ƙaho, kyau kamar ka sace,
sai dai farcena ya kasa ɓamɓaro ta,
sanyin ƙashi ya daɗe da kama haya a babban yatsana.
Ta uku ba ta ce komai ba.
Ƙotar itace, baƙi-baƙi, ba ado,
ta kwanta a tafina kamar ta san gidan.

Ya ɗora ta kan rula. Uku ba kwata.
"Wani daga kaifi zai auna, wani daga ƙota," in ji shi,
"gara ki bar wa mai awo wurin kuskure.
Amma fa ba ta da makulli.
Kika danna ta a baibai, sai ta naɗe kan yatsanki."
Na ce, ɗana, na binne miji.
Na san abin da ke rufewa ba sallama.

Ya soma dariya, ya haɗiye.
"Me za ki yanka da ita?"
Na ce aure zan ɗaura.
Ya dubi furfurata.
Na ce na tuffa.
Fam ashirin da shida, na ƙirga masa da tsaba,
ya jira ni, bai duba agogo ba.

Bishiyar da Wilfred ya dasa ta tsufa,
ciwo na cin ta daga gindi.
Na zaɓi reshe mai kaurin fensir,
na kawo shi wurin 'yar bishiya da ba ta taɓa haihuwa ba.
Yanka ɗaya a karkace nan, yanka ɗaya can,
a haɗa ɗanye da ɗanye, a ɗaure.
Na farko ya goce.
Na biyu ya tafi da 'yar fatar yatsana,
jini ya ɗiga a ɓawo, na ce to, ga sadaki.

Desmond mai kabeji ya leƙo ta kan shinge:
"Enid, da wannan 'yar mitsitsiyar?"
Na ce allura ma ƙarfe ce.
Na goge ta a siket, na naɗe, na jefa aljihu,
ko nauyinta ban ji ba,
abin da ya fi damuna ke nan.

Babbar tana aljihun tebur, cikin cokula,
a gida ba mai tambayar ta tsawonta.
Wani daren in barci ya ƙi,
nakan sauko, ban kunna fitila ba,
in buɗe ta a hankali har ta ce ƙas.
Haka take yi a hannunsa
kafin ya miƙo mini rabin tuffa.