Layi na Biyu

A kantin Misis Kostoglou, bayan gidan mai a Alice Springs,
na'ura biyu ke kwance kan gilashi,
kowacce ba ta fi sabulun wanka ba.
Babana ya tsaya nesa da su, hula a hannu,
kamar wanda aka jawo asibiti ba da son ransa ba.

Shekara talatin da ɗaya yana zagayen rijiyoyi
a gonar shanun da ba a ganin ƙarshenta.
Famfo goma sha tara, kwana huɗu a mota,
ba sabis, ba inuwa, sai jar ƙasa da ƙudaje
da raƙuman da ba su da mai su.
Bara mota ta kife da Fergus Daly kusa da hanyar Tanami.
Jarkar ruwa na nan, taku shida daga hannunsa.
Sai ran Alhamis aka same shi.

"Baƙar nan," in ji matar, "tana magana.
Ka aika saƙo, a mayar maka.
'Yarka ta ga ɗigonka yana tafiya a taswira.
Sai dai tana shan caji, kuma duk wata da kuɗinta."

Ni ita nake so. Har na hango kaina
a kicin ɗina a Adelaide, shayi na hucewa,
ina bin ɗigo yana rarrafe daga rijiya zuwa rijiya.

"Ɗayar fa?"

"Rawayar ba ta hira.
Shekara bakwai tana barci a ƙugunka.
Ka zaro eriya, ka danna, ka aje ta inda take ganin sama.
Tauraron ɗan'adam ya ji, Canberra ta ji, jirgi ya taso.
Ba za ta ce karaya ce ko maciji ba.
Abu ɗaya ta iya faɗa: ku zo."

Ya ɗauke ta, ya jinjina a tafin hannu
yadda yake jinjina noti kafin ya biya.
Na ce, Baba, waccan za ta bar ni in runtsa.
Ya ce, "Noeleen, ranar da cajinta ya ƙare ina lafiya lau,
ɗigo zai tsaya cik, ke kuma ranki ya fita a kicin.
Me ma zan riƙa rubuta miki? Famfo na aiki?"

Ko shi ka rubuta, na ce a zuci, zan karanta.
Sau biyu ma.

Matar ta ƙwanƙwasa gilashi da farce.
"A jiki ake ɗaura ta, ba a aljihun mota ba.
Fergus ma yana da irinta."
Babu wanda ya tanka.
Fanka na ta juyawa.

Sai takardar rajista:
lambar mota, launinta, inda ka saba bi,
da mutum biyu da za a kira in ta yi kuka.
Sunana ya rubuta, da lambata, ba tare da ya duba ba.
Ban san ya haddace ta ba.
A layi na biyu biro ya tsaya.
Inna ta shekara huɗu a maƙabartar gabas.
Ƙaninsa Alwyn yana Katherine,
shekara tara ba sa ga-maciji
kan injin walda da aka ara ba a mayar ba.

Ya goge gumi da bayan hannu.
Ya rubuta A, ya daɗe a kanta,
sannan ya ƙarasa, harafi na jan harafi.
"Kina da lambar mutumin nan?"

A waje ya rataya ta a bel, gefen wuƙarsa,
ya zauna a mota, ta tokare shi, ya gyara, ya yi tsaki.

Yanzu wata biyar ke nan.
Ba ɗigo, ba saƙo.
Wayata na kwana a gefen matashi, fuska sama,
kullum da safe in duba: ba wanda ya kira.
In ɗora ruwan shayi.