Kayen Baba Nomau

Ubana bai yi noma ba, bai jefa koma ba.
Aikinsa kallon ruwa.
Da jijjifi, tun ba a hura wuta ba,
sai ya gangara ƙarƙashin gada, fensir a bayan kunne,
ya tsaya gaban ƙarfen nan mai zane-zane
ya ce wa Gulbi: yau a ina ka kwana?
Gulbi ya taɓa lamba da leɓensa,
shi kuma ya rubuta.

Shekara talatin da ɗaya.
Kaye goma sha bakwai, gara ta ci biyu.

A kasuwar Maraɗi suna yi masa ba'a:
Nomau, mai auna abin da ba a sayarwa!
Ba ya tankawa. Goronsa kawai yake ɓarewa.

Yanzu da ya tafi, ni Barira nake buɗe su,
takardun sun yi kalar kunun tsamiya.
A na farko, ruwa kan zo tun shuka ba ta kai idon sawu ba,
ya zauna kamar baƙon da ya san gidan,
ya kwana wata biyar, wani zubin shida,
ya bi fadama kwari-kwari
ya bar mata laka mai kauri kamar man shanu.
Har Baba ya rubuta a gefe, da ƙaramin hannu:
yau tarwaɗa ta shiga gonar Tankari.

A na tara lambobin sun fara ramewa.
Sifiri, sifiri, sifiri,
jere kamar ƙwai a kwando.
Wasu suka ce madatsar Jibiya ce,
wasu suka ce sama ce ta ƙulle hannu,
wasu suka nuna tudu, inda gawo da kalgo suka ƙare a murhu.
Baba bai zaɓi ko ɗaya ba.
Ya ce shi ba alƙali ba ne, shaida ne.

Abin da ya fi ɗaure masa kai na baya-bayan nan ne:
ruwan ya dawo, amma ba da sallama ba.
Dare ɗaya ya haura ƙarfen har kansa,
ya ɗauke zogalen Hajo, ya ci gaɓa taku ashirin,
kwana huɗu, ya kwashe kayansa.
Sai yashi.
Sai tifa tana ɗiba, sai injin ban-ruwa yana tari
a bakin rijiyar da dā gaba biyu ce, yau bakwai.

Bara wani yaro ya zo daga Yamai da na'ura a jaka,
ya ɗauki hoton kowane shafi.
Ya ce: Inna, kin san ruwan nan naku
yana faɗawa Rima, Rima ta miƙa wa Kwara,
Kwara ta kai shi har bakin teku?
Can ma akwai masu tsayawa gaban ƙarfe da asuba.
Ya haɗa shekarun Baba duka, ya ja layi ɗaya,
siriri, yana gangarowa, can ƙarshe yana karkarwa.

Na duba layin.
Ban ga tarwaɗar Tankari ba.
Ban ga ranar da aka haife ni ba,
da Baba ya rubuta metir biyu da rabi
kafin ya rubuta sunana.

Ubana bai taɓa ganin teku ba.
Ashe shekara talatin da ɗaya yana yi mata aike,
yana ƙirga guzurin ɗan aiken a bakin ƙofa.

Jiya an yi ruwa wajen Madarunfa.
Na sayi sabon kaye a shagon Sahabi,
na gangara, zanena a ɗage, yashi na ƙona mini ƙafa.
Ƙarfen na nan, ya ɗan karkace.
Na tambaya yadda yake tambaya.
Babu wanda ya amsa.
Na rubuta sifiri, na sa kwanan wata.
Gobe ma zan zo.