Awa Biyu

Shekara uku ke nan ina juya Baffa
kamar waina a tanda, kada gefe guda ya ƙone.
Yaya yana turo kuɗi daga Legas,
amma kuɗi ba sa wanke zanin gado da asuba.

Masu dubiya kan ce, "Ya mai jiki?"
Ni kuwa kamar ba ni da jiki.

Jiya Uwale maƙwabciya ta shigo da saƙarta:
"Tashi ki fita, Binto. Zan zauna."

Na hau adaidaita daga Gwammaja har kasuwar Rimi,
ban sayi komai ba sai gurasa.
Na ci a zaune, da ɗuminta.

Da na dawo,
ya kira ni da sunan mahaifiyarsa.
Na amsa.